Yadda za ka je yawon ganin tarihi daga Kano zuwa Daura har Damagaram

Mu Kanawa muna da wani hali, mutum zai tara kuɗi ya tafi Dubai ya ɗau hoto a gaban dogon gini, amma ka tambaye shi ko ya taɓa leƙa rijiyar Kusugu sai ya fara sosa ƙeya, alhali ga Daura nan a bayan gida. Ni sau biyu na yi tafiyar nan, ta farko na sha wuya saboda rashin shiri, to ga yadda za ka yi taka.

Abu na farko takardu. In Daura kawai za ka tsaya katin ɗan ƙasa ya ishe ka, amma in har za ka tsallaka Nijar to ka riƙe fasfo da katin allurar shawara, wannan ruwan ɗorawan. Kuma ka tambaya kafin ka tashi, don tun juyin mulkin Yulin 2023 harkar boda ta zama yau a buɗe gobe a rufe, ga shi Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Direbobin da ke bin hanyar kullum sun fi kowa sanin halin da ake ciki, su za ka tambaya, ba 'yan Facebook ba.

Sai canji. Ka je Wapa ka canzo sefa tun daga nan, ka roƙa a haɗo maka da ƙananan kuɗi. Kuma ka koyi lissafinsu, don a can da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce, jaka kuma sefa 1,000. In mai shayi ya ce maka dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Ni ranar farko tsayawa na yi ina ƙirga da yatsu yara na ta yi min dariya.

Mota kuma ka yi sammako ka je tashar Ƙofar Ruwa, ana idar da asuba, kar ka bari rana ta ɗaga ka zauna jiran mota ta cika. Hanyar Dambatta za ku bi, ku ratsa Kazaure da duwatsunta, kafin hantsi ya yi nisa kun sauka Daura.

To nan ne inda yawancin mutane ke kuskure. Suna sauka sai rijiya, a ɗau hoto, a juya. A'a, fara zuwa ƙofar fada ka gaida dogarai da dattawan da ke zaune, ka faɗi daga ina kake da abin da ya kawo ka, ka cire takalmi inda ka ga ana cirewa. Su za su haɗa ka da wanda zai zaga da kai. Rijiyar yanzu tana cikin ɗaki an kewaye ta, akwai mai kula da ita, zai ba ka labarin macijin nan Sarki da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da Bayajidda baƙon da ya sare masa kai da daddare, da Magajiya Daurama da ta aure shi, har zuwa Bawo da Hausa Bakwai. Ka san labarin tun firamare, na sani, amma ka yi shiru ka saurara, don jin sa kana riƙe da igiyar guga daban ne. Za a ɗebo maka ruwan ka sha, wasu har da jarka suke zuwa. Ka ba mai kula ɗan na goro ba sai ya tambaya ba.

Kuma kar ka tsaya a Bayajidda kaɗai. Ka tambayi dattawan yadda sarakunan Haɓe suka koma Zango da Baure bayan jihadi, da yadda Turawa suka dawo da Malam Musa kan gadon Daura a 1906, nan ne hira ke daɗi wallahi. In za ka iya daidaita tafiyarka da watan Mauludi, lokacin Sallar Gani, to ka more, hawa ake sosai.

Ka kwana a Daura. Washegari ka hau motar Kwangwalam ta Mai'adua, nan ne boda. Shawara ɗaya: waya a aljihu. Ni na ɗaga tawa zan ɗauki shingen, wani jami'i ya karɓe, sai da na yi awa biyu ina ba da haƙuri motarmu ta tafi ta bar ni. In ka tsallaka za ka wuce Matamaye sannan Damagaram, kuma ba abin da ya canza sai kakin jandarma da allunan Faransanci, Hausar ce dai, furar ce dai.

A Damagaram ka ce a kai ka unguwar Birni, inda fadar Sultan take da tsofaffin gidajen ƙasa masu zane a jiki, ga manyan duwatsu a tsakiyar gari kamar an jera su da hannu. Garin shi ne babban birnin Nijar har 1926 kafin Faransawa su mayar Yamai. Ka tambayi tarihin Sarki Tanimu da ya gina ganuwa ya tara bindigogi, da Amadu Kuran Daga da ya kawo wa Kano yaƙi zamanin Sarki Alu. Amma ka shirya, da zarar sun ji kai Bakano ne tsokana za ta tashi, su a bakinsu su suka yi nasara, kai ma sai ka kare naka cikin raha.

Wajen dawowa kar ka yi dare a hanya, ka baro Damagaram da safe. Ka sayo kilishi na tsaraba, sauran sefar da ta rage kuma ka adana a mayar Wapa.