Yadda ake auna darajar sabon mai cafe ƙwallo a zaɓen gasar fantasi

A watan Agusta, idan masu gasar fantasi ta ƙwallon Amurka (wasan da kowa ke haɗa tawagarsa daga 'yan wasa na gaske, yana samun maki gwargwadon abin da suka yi a fili) suka zauna zaɓen 'yan wasa, kuskure ɗaya ne sababbin shiga suke maimaitawa: su ga bidiyon matashin da ya fito daga jami'a yana tsere wa masu tsaron baya, sai su ɗauke shi da tsada ba tare da sun tambayi sau nawa za a jefa masa ƙwallo ba.

Fara da duba zagayen da ƙungiyarsa ta NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ta ɗauke shi a zaɓen watan Afrilu, domin wadda ta kashe zaɓinta na zagayen farko a kan yaro za ta ci gaba da sa shi a fili ko da yana tafka kurakurai. Gudun yadi 40 da ake gwada saurin matasa da shi kafin wannan zaɓen kuwa kada ya ruɗe ka. John Ross ya yi shi cikin daƙiƙa 4.22 a 2017, Bengals suka ɗauke shi na tara, amma ya ƙare kakarsa ta farko bai cafe ko ɗaya ba.

Mataki na biyu shi ne wanda ya kamata ya cinye mafi yawan lokacinka. Buɗe alƙaluman ƙungiyar na bara, waɗanda ake samu kyauta a intanet ba sai ka sayi jadawalin kowa ba, ka rubuta yawan jifan da aka nufi kowane mai cafewa da shi. Daga nan ka soke sunayen waɗanda suka bar ƙungiyar, ka tara rabonsu wuri ɗaya, domin wannan shi ne gurbin da sabon yaron zai iya gada. Justin Jefferson ya isa Minnesota a 2020 bayan an miƙa Stefon Diggs ga Buffalo, ya tarar da fili a buɗe, ya tara yadi 1,400 na nisan da ya ci da ƙwallayen da ya cafe. Jaxon Smith-Njigba kuma, wanda Seattle ta ɗauka na 20 a 2023, ya iske DK Metcalf da Tyler Lockett a gabansa, sai ya tsaya a yadi 628, alhali kuwa babu mai shakkar iyawarsa. Ƙa'idata ita ce, matuƙar akwai gogaggu biyu masu ƙoshin lafiya a gaban yaro, ba na taɓa shi sai a zagayen ƙarshe-ƙarshe. Bibiyi labarin raunuka har zuwa ranar zaɓenku na fantasi, saboda jinyar Cooper Kupp a farkon kakar 2023 tana cikin abin da ya buɗe wa abokin wasansa Puka Nacua ƙofa, ɗan zagaye na biyar a zaɓen NFL da ya ƙare da cafewa 105 da yadi 1,486.

Bayan haka sai ka dubi wanda zai jefa masa. Ja'Marr Chase ya tarar da Joe Burrow, abokin wasansa na jami'ar LSU, yana jiransa a Cincinnati, ya kuwa ci tacdawun (kai ƙwallo yankin ci na ƙarshen fili) 13 a 2021.

Sannan ka gwada duk wannan da farashinsa, wato zagayen da akasarin mutane suke ɗaukarsa. A 2024 an yi rububin Marvin Harrison Jr. tun a farko-farkon zaɓe, ya kawo yadi 885, adadin da ba abin kunya ba ne ga sabon shiga amma bai biya kuɗinsa ba, yayin da Brian Thomas Jr. da aka samu da araha can baya ya kai 1,282. Idan gasarku tana bin tsarin PPR, mai ba da maki ɗaya kan kowace cafewa, to fifita mai karɓar gajerun jifa da yawa.

Idan ka ɗauke shi, ajiye shi a benci, kada ka sallame shi saboda makonni uku na shiru. Amon-Ra St. Brown bai buɗe wuta ba a 2021 sai a wasanni shida na ƙarshe, daidai lokacin da ake fafatawar cin kofin fantasi.