Itace, batir da jarkar ruwa: kurakuran da ke cinye kuɗin gida a karkara

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin man fetur, duk abin da ke hawa mota ya ƙara kuɗi, har da itace da gawayi. A ƙauyukan Kano da Jigawa kuma, daga Maris zuwa Mayu rijiyoyi kan ja ƙasa, jarkoki su yi layi a bakin tuƙa-tuƙa tun kafin assalatu. Farashi dai ba a hannun maigida yake ba. Abin da ke hannunsa da na uwargida shi ne abin da ya riga ya shigo gida, kuma a nan ne ake tafka asara mai yawa ba a sani ba: itacen da aka saya iska ta kwashe zafinsa, batirin da aka tara kuɗi aka saya ya mutu cikin watanni, ruwan da yara suka sha wahalar ɗebowa ya gurɓace a randa.

A fara da murhu

Murhun duwatsu uku a fili shi ne babban ɓarawon itace. Harshen wuta na fita ta kowane gefe, iska na kaɗa shi, abin da ke shiga tukunya kaɗan ne. Gyaransa laka ce kawai. A kwaɓa yumɓu da yashi da ƙaiƙayi, a gina bango ya kewaye tukunyar da aka fi ɗorawa, a bar ƙofa ɗaya ta sa itace. Tsakanin tukunya da bango a bar rata kamar faɗin yatsa, don zafi ya bi jikin tukunya ya hau. Daga inda itace yake zuwa gindin tukunya ya kai santimita 15 zuwa 20. Kuskure biyu ake yi a nan. Wasu kan hura wuta tun lakar tana ɗanya, sai murhun ya tsage. A bar shi mako guda a inuwa ya bushe. Wasu kuma kan liƙe shi ruf har iska ba ta samun hanya, sai ya koma gidan hayaƙi. Wuta tana son iska ta shigo ta ƙasa ta fita ta sama.

Ɗanyen itace ya fi arha a ido, amma wani kaso na ƙarfinsa wajen busar da kansa yake tafiya. Idan kuka ji itace na tsuwa a wuta, ƙarshensa na fitar da kumfa, to ruwa kuke dafawa da kuɗinku. A faskara shi sirara, a jingine shi a rana, a tara na damina tun a rani kan wani abu da zai ɗaga shi daga ƙasa.

Sai maganar cusa itace. Da zarar tukunya ta tafasa, ƙara wuta ba ya ƙara mata zafi, tururi kawai yake ƙarawa. Sirara biyu ko uku sun isa su riƙe tafasa, muddin an rufe tukunya da murfin da ya zauna daidai. Wake kuwa, wanda aka jiƙa tun dare ba ya cin wutar da busasshe yake ci. Akwai kuma dabarar kwando: a bar wake jiƙaƙƙe ya tafasa sosai kamar minti 20, a sauke ba tare da an buɗe murfi ba, a tura tukunyar cikin kwando ko kwali da aka shimfiɗa wa tsofaffin zannuwa da bargo, a lulluɓe ta ko'ina, a bar ta awa 3 zuwa 4. Shinkafa minti 5 na tafasa da kamar awa guda a kwando sun ishe ta. Masu cewa dabarar ba ta yi musu ba, yawanci leƙawa suke yi, kuma kowace buɗewa zafin da ake tarawa ne yake fita. In an gama girki, a kashe garwashin da ya rage cikin gwangwani mai murfi, gobe ya zama gawayi.

A yankunan shinkafa irin Kura da Haɗeja da Auyo, buntun da injin casa ke zubarwa makamashi ne mai arha. Ana tsayar da sanda a tsakiyar gwangwani mai huji a gefen ƙasa, a sa wata sandar ta hujin su haɗu, a danna buntu mai laushi ko garin katako sosai, a zare sandunan a hankali, a kunna ta ƙasa. In ba a danna da kyau ba ramin zai rufta, wutar ta mutu. Wannan ya fi ƙone kashin shanu, wanda gona ta fi murhu bukatarsa, musamman yanzu da takin zamani ya yi tsada.

Abu ɗaya ba na kuɗi ba ne, na rai ne. A lokacin hunturu ana shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga, har a ɗakin mai jego da jariri. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari kuma ba a ganinta. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da nauyin barci, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Haka janareta: ba a zaure, ba a ɗaki, ba a jikin taga.

Masu tukunyar gas kuma su shafa kumfar sabulu a tiyo da bakin tukunya. Inda kumfa ta kumbura, nan yake yoyo. Kada a gwada da ashana. Harshen wuta shuɗi shi ne daidai, in ya koma ruwan ɗorawa yana baƙanta tukunya, hujojin murhun sun toshe.

Sola

Kuskuren farko shi ne a je kasuwa kafin a yi lissafi. Batir mai 12V 100Ah yana ɗaukar wat-awa 1,200 (wat-awa shi ne wat ɗin na'ura sau awannin da ta yi tana aiki), amma irin mai ruwa ko mai dalma rabin wannan kawai ya kamata a ci, wato 600. Ga misali: ƙwan LED huɗu masu wat 7 na awa 5 sun ci 140. Fanka mai aiki da batir kai tsaye, mai wat 20, ta awa 8 ta ci 160. Talabijin mai wat 40 na awa 4, wani 160. Cajin wayoyi uku kamar 30. Jimla 490, batirin ya ɗauka. Amma fankar sama irin ta wutar gari, mai wat 70, ita kaɗai a awa 8 za ta sha 560. Dutsen guga da hita kuwa, masu wat 1,000 ko fiye, ba wurinsu ba ne sam. Domin mayar da 490 ɗin a yini ana bukatar farantin sola na wat 150 a ƙalla, 200 ya fi kwanciyar hankali saboda kwanakin hadari da hazo.

Ana yawan sayen babban batir da ƙaramin faranti. Batirin ba ya taɓa cika, kullum a rabi yake kwana, sai farin gishiri ya kama dalmarsa, ƙarfinsa ya riƙa raguwa har ya daina riƙe caji. Batirin mota shi ma ba na wannan aiki ba ne. An yi shi don ya tayar da inji na daƙiƙu kaɗan, ba don a tsotse shi kowane dare ba.

Wani kuskuren da ke kashe batir shi ne cire kwantirola, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin faranti da batir, a haɗa faranti kai tsaye, wai don ya fi saurin caji. Tafasa shi ake yi. A wajen haɗawa ma akwai tsari: batir ake fara jonawa da kwantirola, sannan faranti, wajen kwancewa kuma faranti ake fara cirewa. A sa fis kusa da kan batir. Waya siririya irin ta rediyo tana zafi tana zubar da wuta a hanya, a nemi mai kauri 4mm ko 6mm, kuma kada nisan ya yi yawa. Batir mai ruwa a duba shi kowane wata, a ƙara masa tataccen ruwan batir kawai. Ruwan rijiya yana da gishirin da ke lalata shi, asid kuma ba a ƙara shi, domin ruwan ne ke ƙafewa, asid yana nan. A ajiye shi inda iska ke ratsawa, don zafin ɗakin kwano a bazara yana rage masa kwana.

Farantin ya kalli kudu, a karkace kaɗan, digiri 12 zuwa 15, daidai da inda Kano da Jigawa suke. Wanda aka kwantar shimfiɗe yana tara ƙura. A lokacin hazo a shafa yatsa a kansa, za a ga layi ya fito kamar a kan allo. Wannan ƙurar tana tare rana. A wanke shi da sassafe da ruwa da tsumma mai laushi sau ɗaya ko biyu a mako, ban da toka ko yashi, ban da tsakar rana lokacin da gilashin ya yi zafi. Inuwar reshen darbejiya ɗaya a kan kusurwa tana iya karya ƙarfin farantin gaba ɗaya.

Don ajiye tumatir da tattasai da alayyafo ba sai da firji ba. Randa cikin randa, wadda malami Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, tana aiki da ƙafewar ruwa. Ƙaramar randa a cikin babba, yashi a tsakani, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Masu ajiye ta a ƙuryar ɗaki su ne ke cewa ba ta sanyi. Inuwa mai iska take so, kuma a rani take nuna kanta, ba a damina ba.

Ruwa

Rijiyar da aka haƙa a damina ko da kaka tana yaudara. An tarar da ruwa kusa, an tsaya, Afrilu na zuwa ta ƙafe. Lokacin haƙa ko ƙara zurfi shi ne ƙarshen rani, lokacin da ruwan ƙasa ya kai iyakar saukarsa. Yawancin ƙasar Kano dutse ne a ƙarƙashi, ruwa a tsagoginsa yake, shi ya sa burtsatsen wani ke ambaliya na maƙwabcinsa kuma ya bushe. Gabashin Jigawa yashi ya fi yawa, samun ruwa ya fi sauƙi. Ko ina ne, kuɗin masu awon ƙasa kafin a kira injin haƙa bai kai asarar busasshen rami ba. Masai kuma ya yi nisan mita 30 a ƙalla daga rijiya, ya kasance a gangare da ita. Jigawa ta zama jiha ta farko a Najeriya da aka ayyana ta daina bahaya a fili a 2022, masai ya yawaita a gidaje, don haka wannan awon ya ƙara zama dole.

Ruwan sama da ke zuba daga kwano ana barinsa ya bi rariya. Kowace milimita ɗaya ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin da ke da mita 8 a tsawo, 5 a faɗi, in aka yi ruwa mai milimita 20, lita 800 ce ta sauka a kansa. Ko an yi asarar wani abu, ya haura jarka 25 masu lita 25. Indararo da durom ko tanki mai murfi kawai ake bukata. Amma ruwan farko na wanke kwano ne, da ƙura da kashin tsuntsu da na ƙadangare. A bar na mintunan farko ya zube, sannan a tara.

Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko fetur ba ta komawa ta ruwan sha, ko an wanke ta sau goma, domin robar tana shan maganin. Wannan kuskure ya yawaita tun da feshin ciyawa ya shiga kowace gona.

Alif yana kwantar da laka, ruwa ya yi garau, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Haka garin ƙwallon zogale. Bayan ruwa ya kwanta an tsiyaye, sai an bi shi da ɗayan uku: tafasawa har ya yi minti guda yana ɓulɓula, ko maganin kulorin irin su WaterGuard bisa awon da ke jikin kwalbar, a jira minti 30 kafin a sha, ko a zuba a gorar roba mai haske a kwantar kan kwano awa 6 a rana tsaka, kwana biyu in da gajimare. Na ukun ba ya cin itace ko kaɗan, sai dai ba ya aiki a ruwa mai duhu. Duk wannan kuma moɗa ɗaya tana iya rushe shi. Moɗar da ake ajiyewa a ƙasa, yaro ya sha ya mayar da ita randa da hannunsa a ciki, ita ce hanyar amai da gudawa a damina. A rataye moɗa mai dogon hannu ta ɗiba kawai, a zuba a kofi a sha, randa kuma a wanke ta kowane mako.

Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da kusan lita 20 a yini, kuma sau da yawa ƴar robar ciki ce ta cinye. Inda ake da burtsatse mai sumo, wato injin da ke cikin ramin yana turo ruwa sama, a sa abin da ke kashe shi in tanki ya cika, kuma kada a bar shi yana juyi ruwa ya yanke, don ruwan ne ke sanyaya shi, in babu sai ya ƙone. Ruwan alwala da na wanka a ja masa ƴar rariya zuwa gindin zogale ko gwanda. Mai sabulu dai kada ya je kan ganyen da ake ci ɗanye.

Tuƙa-tuƙa ba ya mutuwa farat ɗaya, yana ba da alama. In sai an tuƙa sau da yawa da safe kafin ruwa ya fito, robobin ƙasa sun fara cinyewa ko bututu na yoyo. Gyaran a wannan mataki ƙaramin kuɗi ne. In aka ci gaba da dukansa har sanda ta tsinke ta faɗa rami, sai an nemo masu ciro ta. A riƙa tuƙawa a hankali, hannun ya je sama ya dawo ƙasa, ban da gajeren bugu da sauri, a hana yara lilo a kai. Irin India Mark II yana da sarƙa a cikin kansa da ke son giris a kai a kai, kusoshinsa kuma a ɗaure su. Unguwa ta riƙa tara ɗan abu kowane wata a hannun kwamiti tun famfon yana lafiya, abin da ya fi ƙarfin makanikin gari a kai shi sashen ruwa da tsafta na ƙaramar hukuma. Kwamin shayar da dabbobi kuma a matsar da shi nesa da dakalin famfon, don taɓon da kofato ke kwaɓawa kada ya sami hanyar komawa cikin ramin.