Yadda Ake Kwatanta Gwaje-gwajen Basirar Yara 'Yan Makaranta

Kafin ka ɗora gwaji biyu a sikeli, ka san abin da kake nema. Bukatar shugaban makarantar da zai tantance aji guda daban take da ta uban da ɗansa ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba.

Fara da duba yadda ake yin gwajin. A gwajin WISC, wanda David Wechsler ya fitar a Amurka a 1949, aka kuma fitar da bugu na biyar a 2014, ƙwararre ne ke zama da yaro shi kaɗai kamar awa guda. Zai ba shi 'yan tubala masu ja da fari ya jera yadda hoto ya nuna, ko ya karanto masa lambobi ya maimaita daga ƙarshe zuwa farko. CAT4 na Birtaniya kuwa, aji guda ake zaunarwa lokaci ɗaya. Ya fi sauri da araha, amma ba mai lura cewa yaro ya firgita ko bai karya kumallo ba.

Sai shekaru. WISC na 'yan 6 zuwa 16 ne, Stanford-Binet kuwa, wani gwajin basira na Amurka, tun daga shekara 2.

Na uku harshe, kuma a ganina nan gizo ke saƙa. Yarinyar da ta tashi da Hausa a gida, in aka tambaye ta ma'anar kalmomin Turanci, Turancinta aka auna, ba basirarta ba. Gwajin John Raven na 1938 ya rage wannan matsala: zane ne aka gutsure masa gefe, ta zaɓi guntun da zai cike gurbin. Sai dai ko a nan, wanda ya saba da takarda da fensir ya fi samun sauƙi.

Na huɗu, tambayi da waɗanne yara aka tsayar da ma'aunin, kuma yaushe. Maki 100 ne matsakaici, wajen kashi biyu cikin uku na yara suna tsakanin 85 da 115, amma na yaran da aka yi ma'aunin da su. Wani mai bincike, James Flynn, ya nuna maki na ƙaruwa da kusan 3 duk shekara goma, don haka tsohon bugu kan kumbura sakamako.

In rahoto ya fito, kada ka tsaya kan jimla. Nemi makin kowane sashe. Yaro kan yi zarra a zane ya yi rauni wajen riƙe lambobi a ka, kuma nan ne malami zai sa hannu.