Yadda Za Ka Gane Salon Farfaganda a Manyan Finafinan Zamani

Ko a gidan kallo kake a Maradi ko a wayarka, fara da lura da inda aka kafa kyamara. Idan an ɗauki shugaba daga ƙasa har ya cika allo, aka kuma ɗauki jama'a daga sama sun jeru sahu-sahu ba a gane fuskar kowa, to salon da Leni Riefenstahl, mai shirya finafinai ƴar Jamus, ta shahara da shi ne a fim ɗinta na farfaganda na 1935 kan gangamin ƴan Nazi, jam'iyyar Hitler, a birnin Nuremberg. Kwatanta shi da faretin kuraye a fim ɗin The Lion King na 1994, za ka ga aron a fili.

Daga nan kashe sauti ka sake kallon wurin, domin kiɗa ne yake ɗaukar rabin nauyin, kuma sai babu shi ido yake ganin tsarin hoton.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda aka yi wa wannan ado. Idan mugu ne, gargaɗi ake yi maka. Idan kuwa jarumi ne, kamar bikin ba da lambar yabo a ƙarshen Star Wars na 1977, to dakata ka tambayi kanka abin da kake tafa wa.