Yadda za ku riƙe zumunci da tsofaffin abokai idan kulle ya haɗu da hunturu

Kullen korona na farko na watan Maris ɗin 2020 da sauƙi, don lokacin yini yana ƙara tsawo, mutum zai iya fito da kujera bakin ƙofa ya sha hantsi. Wanda ya gasa mana aya a hannu shi ne na hunturu. Mu da muke Ingila, ranar 4 ga Janairun 2021 Boris Johnson, Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, ya fito da daddare ya ce kowa ya koma gida, kuma a daidai lokacin nan gari baya wayewa sai bayan ƙarfe takwas, kafin ka ce me wajen ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe. Jamus ta riga ta rufe tun 16 ga Disamba, Faransa kuma a tsakiyar Janairu ta hana fita daga ƙarfe shida na yamma. An ce zumunta a ƙafa take, toh ga ƙafar an ɗaure, ga sanyi, ga mu duk mun manyanta. Mu bakwai ne abokan juna tun ƙuruciya, ƙaraminmu ya haura sittin, babbar yayarmu ta kusa tamanin, uku a cikinmu su kaɗai suke kwana a gida. Abin da muka yi har muka fita lafiya shi zan faɗa muku, don ko ba korona akwai ranar da sanyi ko jinya ko ciwon ƙafa zai kulle mutum a ɗaki.

Ku fara da tsayar da lokaci, rana ɗaya da awa ɗaya wadda ba ta canzawa. Kada ku yarda da "za mu dinga gaisawa", wannan maganar ba ta kai sati biyu. Dattijo baya son ya zama shi ne kullum mai kira, yana jin kamar ya takura wa mutane, sai kowa ya zauna yana jiran ɗan'uwansa ya fara, a haka wata zai wuce. Mu Talata da Asabar muka ɗauka ƙarfe huɗu da rabi, kuma da gangan muka zaɓi wannan lokacin domin shi ne mafi nauyi a yini, duhu ya shigo amma dare bai yi ba, ba abin yi, nan ne tunani yake zuwa wa mutum. In ka san ƙarfe huɗu da rabi wayarka za ta yi ƙara kuma fuskoki shida za su fito, sai ka ga tun uku ka fara gyara zama, ka wanke fuska, ka canza riga. Mutum ɗaya za ku ɗora wa kiran, shi ne zai danna kullum, kuma ko mutum biyu ne suka ɗauka a yi, kada a ɗage.

Maganar manhaja kada ta ɗauke muku lokaci. Wadda kowa ya riga ya iya ita za ku yi amfani da ita. WhatsApp a lokacin yana ɗaukar mutum takwas a kira ɗaya, ya ishe mu, shi kuma Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, kuma duk sanda ya yanke sai an rasa mutum ɗaya ko biyu da basu iya komowa ba. A jingina wayar da littattafai daidai tsayin fuska, fitila ta kasance a gabanka ba a bayanka ba, don mai raunin ji yana karanta leɓe ne ko bai sani ba. A dinga magana ɗaya bayan ɗaya. In akwai wanda bidiyon yake rikita shi a bar shi da murya kawai, ko wani ya kira shi ta layin gida ya sa a sifika kusa da wayar, mun yi haka da babbar yayarmu har sati uku kafin jikarta ta nuna mata ta taga inda za ta danna.

Sai abin da na fi ɗauka da muhimmanci duk cikin bayanin nan, gaisuwar safe. Kowa in ya tashi ya tura kalma biyu a guruf, "na tashi", shikenan, ba sai da dogon zance ba. In ƙarfe goma ta yi babu saƙon wani a kira shi, in bai ɗauka ba sau biyu a kira wanda ya fi kusa da shi. Wannan yana nufin tun farko kowa ya bayar da lambar mutum ɗaya, ɗa ko 'ya ko maƙwabci, kuma a san wa ke riƙe da makullin gidan na biyu. Ku rubuta a takarda ku liƙa kusa da inda kuke zama, kada ku dogara da cewa yana cikin waya. Wata safiya ɗaya daga cikinmu ya yi shiru, muka kira har sau uku, maƙwabcinsa ya je ya ƙwanƙwasa ya same shi zaune a kujera da kot da hula da safar hannu, hitar gidan ta mutu tun daren jiya, cajar wayarsa tana ɗakin sama, shi kuma gwiwa ta riƙe baya son hawa bene. Da na same shi a waya na ce "Yaya me ya hana ka faɗa tun jiya?" ya ce wai baya son ya tayar wa kowa da hankali. Haka manya suke, shirunsu ma magana ce, kuma "lafiya lau" ɗinsu ba amsa ba ce. Don haka ku daina tambayar "ya gida", ku tambayi abin da sai an duba kafin a amsa: ɗakin naka digiri nawa ne yanzu, maganin hawan jinin na kwana nawa ya rage, yau ka fita ko baka fita ba. Hukumar lafiya ta Ingila tana ba da shawarar ɗakin da ake zama kada ya gaza digiri 18, musamman ga wanda ya haura 65 ko yake da ciwon zuciya ko na huhu, domin sanyi yana ɗaga hawan jini, kuma tsoho baya saurin jin cewa jikinsa ya yi sanyi. Ƙaramin ma'aunin zafi a bango ya kashe gardamar.

Jiki kuma dole a motsa shi, zama wuri ɗaya tsautsayi ne in ji kifi. Dokar kullen ta lokacin ta bari a fita motsa jiki sau ɗaya a rana, kuma ta bari ka iya haɗuwa da mutum ɗaya na wani gidan a waje da tazara, toh ku fita tsakanin sha ɗaya da biyu lokacin da akwai haske kuma ƙanƙarar hanya ta ɗan narke. Ranar da ƙasa take santsi kada a fita ko kaɗan, karayar ƙugu a wannan shekarun ba wasa ba ce. A cikin gida a tashi daga kujera a zauna sau goma ba tare da dafa hannu ba, a tsaya da ƙafa ɗaya ana riƙe da bayan kujera. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a motsa jiki minti 150 zuwa 300 a sati, kuma masu shekara 65 zuwa sama su haɗa da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a sati. Mu minti biyar na farkon kiran Asabar da shi muke farawa, kowa ana ganinsa, don in kai kaɗai ne ba za ka yi ba. Bitamin D kuma mikrogiram 10 a rana ake ba da shawara a Ingila daga Oktoba zuwa Maris saboda ranar ba ta da ƙarfi, mai shan wasu magunguna ya tambayi likitansa tukuna.

Yanzu maganar aiki. Biyu a cikinmu basu yi ritaya ba, suna aiki daga gida, ɗaya kuma an dakatar da nasa ana biyansa kashi 80 na albashi a ƙarƙashin tsarin gwamnati na lokacin. Masu aiki daga gida matsalarsu aikin baya ƙarewa, kwamfuta a buɗe kan teburi har sha ɗayan dare. Maganin shi ne a ware mata kusurwa ɗaya, a sa kayan fita da safe kamar za a tafi ofis, in lokacin tashi ya yi a rufe ta a lulluɓe da ƙyalle ko a sa ta cikin durowa inda ido ba zai ganta ba. Waɗanda suka yi ritaya kuma tasu matsalar ta fi zurfi, ba wai kaɗaici kawai ba, jin cewa ba wanda yake buƙatarka. Mutumin da ya yi shekara arba'in ana jiransa kowace safiya, rarrashi ba zai yi masa komai ba, aiki za ku ba shi. A lokacin makarantu suna rufe har 8 ga Maris ɗin 2021, sai tsohuwar malamar cikinmu ta koma sauraron karatun jikokinmu ta bidiyo, minti ashirin kowane yaro, har rajista ta buɗe. Mai ɗinki ta fito da kekenta tana yi mana takunkumin fuska. Tsohon akawunmu shi muka ba aikin tantance saƙonni, domin tun da aka fara allurar rigakafi ranar 8 ga Disamban 2020 'yan damfara suka fara turo saƙon ƙarya suna neman lambar katin banki, alhali allurar kyauta ce kuma ba a tambayar bayanan banki. Duk wanda ya samu saƙo sai ya tura masa kafin ya taɓa komai, wallahi ku ga yadda ya ɗauki abin da gaske.

Sai tuna baya, wanda shi ne ya zama ƙashin bayan kiran Talata. In kun bar hira ta tafi yadda ta ga dama, kullum a adadin waɗanda suka kamu da waɗanda suka mutu za ta ƙare, kowa ya ajiye waya zuciyarsa ta fi nauyi. Muka yanke cewa labaran annoba minti biyar ne, daga nan a rufe. Sauran lokacin na hoto ɗaya ne. Kowane sati mutum ɗaya zai zaro tsohon hoto daga albam, amma kada ya ɗaga shi gaban kyamara, mun gwada, hannu yana rawa, hasken fitila yana haskawa a kan takardar, ba abin da ake gani sai farin tabo. A ajiye shi kan teburi kusa da taga da rana, a ɗauke shi da waya daga sama, a tura guruf kwana ɗaya kafin kiran don kowa ya samu ya zuƙo shi ya ƙura masa ido da tabarau. Tambayar ma ta zama ƙarama. "Ba mu labarin ƙuruciyarki" ba ta fitar da komai, amma "Yaya wa ya ɗinka miki rigar nan" ko "albashinka na farko me ka fara yi da shi" ko "wace waƙa ake yayi a shekarar nan" sai ka ga an ɓalle, awa guda ba ta isa. Akwai hoton da muka yi sati biyu a kansa, mu biyar a tsaye gaban wata tsohuwar mota, da wani na shida a gefe rabin fuskarsa ta fita daga hoton, ba wanda ya tuna sunansa, sai ƙarfe biyun dare babbar yayarmu ta turo saƙon murya tana faɗin sunan tana dariya tana kuka.

In an samu saɓani kan shekara ko wuri kada a tsaya gardama, a rubuta duka biyun. A nemi izinin kowa sannan a dinga yin rikodin, kuma mutum ɗaya ya rubuta sunayen mutanen a bayan hoton da fensir mai laushi, ba biro ba, biro yana huda takarda ya ɓata fuskar. Ku yi wannan yanzu tunda masu sanin sunayen suna nan.

Wani lokacin hoton zai taɓo wanda ya rasu, miji ko mata ko aboki, sai a yi shiru. Kada wani ya yi saurin canza zance. A bar mai kukan ya yi, in an ajiye waya mutum ɗaya ya sake kiransa shi kaɗai bayan minti goma. A lokacin nan mutum 30 kawai aka yarda su halarci jana'iza a Ingila, da yawa sun rasa nasu basu samu zuwa ba, abin yana nan a maƙale a ƙirji yana neman inda zai fita.

Wanda yake zaune shi kaɗai ku duba masa abin da doka ta ba shi, a Ingila lokacin kullen an yarda mai zaman kaɗaici ya haɗe da gida ɗaya ya zama kamar ɗan gidan, ya shiga ya fita, amma biyu daga cikinmu sun yi watanni basu yi ba don kunyar tambaya. Ku ne za ku yi masa tayi, kuma ku faɗa kai tsaye, rana kaza ƙarfe kaza muna jiranka. Da aka sassauta ranar 29 ga Maris aka yarda mutum shida su haɗu a waje, mu bakwai ne, sai muka rabu gida biyu, huɗu da uku, a kujeru biyu na lambun shaƙatawa masu kallon juna daga nesa, kowa da bargo a cinya, tsohuwar malamar ta zo da albam ɗin a cikin leda saboda yayyafi. Kiran Talata kuma bamu soke shi ba, lokacin kawai muka mayar ƙarfe shida tunda rana ta fara daɗewa.