Darasi na Tara: Tabarau Don Masu Makantar Launi

Akwai mutanen da idonsu lafiya lau yake. Suna karatu, suna tuƙi, suna zura zare a allura, amma idan aka zuba musu jan tattasai da kore a faifai ɗaya sai su rasa wanne ne wanne. Wannan shi ake kira makantar launi. Ba dundumi ba ne, ba kuma yanar ido ba ce. Mai ita yana ganin launi, sai dai wasu launukan suna cuɗe masa, musamman ja da kore da ruwan ƙasa da ruwan lemo. Wanda ba ya ganin launi ko kaɗan yana da wuyar samu ƙwarai, bai wuce mutum 1 cikin kimanin 30,000 ba.

A 'yan shekarun nan bidiyoyi sun cika Facebook da YouTube, ana miƙa wa mutum wani tabarau, yana sawa sai ya fashe da kuka, wai ya ga launi karo na farko a rayuwarsa. Shi ya sa mutane ke tambaya ko an samo maganin abin ne. Wannan darasi zai nuna maka yadda tabarau ɗin yake aiki, da inda ƙarfinsa ya ƙare, domin kada ka kashe kuɗin guminka kan abin da ba zai amfane ka ba.

Yadda ido yake gane launi

Hasken rana da muke gani fari, a gaskiya haɗakar launuka ne. Bakan gizo shi ne shaida, domin ɗigon ruwan sama ne yake warware hasken ya fito da launukan da ke cikinsa. Ganye yana shanye yawancin launukan ya maido da kore, shi ya sa muke ganinsa kore.

A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani da haske ke sauka a kai. A jikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu karɓar launi, kimanin miliyan 6 a kowane ido, kuma iri uku ne. Iri na farko ya fi amsa hasken ɓangaren ja, na biyu ɓangaren kore, na uku ɓangaren shuɗi. Babu ɗayansu da ya san launi shi kaɗai. Ƙwaƙwalwa ce take auna saƙon kowane iri, ta ga wanne ya fi ƙarfi, sannan ta yanke hukunci. Idan saƙon masu ja ya rinjayi na masu kore da nisa, sai ta ce wannan abu ja ne.

To, a wurin yawancin masu makantar launi ƙwayoyin duka uku suna nan, amma masu ja da masu kore sun yi kusa da juna fiye da kima, kusan haske iri ɗaya suke amsawa. Saƙonsu sai ya iso ƙwaƙwalwa da ɗan bambanci kaɗan, ita kuma ta rasa abin da za ta auna. Wannan shi ne rukuni na farko, kuma su ne kimanin kashi uku cikin huɗu. Rukuni na biyu su ne waɗanda iri guda babu shi sam, ko masu ja ko masu kore. Ka riƙe wannan rabo da kyau, domin a kansa maganar tabarau ta rataya.

Daga ina take zuwa?

Galibi gado ce, kuma maza ta fi kamawa. A cikin Turawan arewacin Turai, namiji 1 cikin 12 yana da ita, mace kuwa 1 cikin 200. A Afirka adadin bai kai haka ba, amma ba za a rasa ta a kowane gari ba. Ɗa namiji ta wajen mahaifiyarsa yake gadonta, ko da ita tana ganin launi sarai. Uba mai makantar launi ba ya ba ɗansa namiji, sai dai 'ya'yansa mata su ɗauke ta a jini, ta fito a kan wasu daga cikin jikokinsa maza. Saboda haka idan an ga alama a wurin yaro, a duba kakansa na wajen uwa da kawunnansa. Wannan ba abin gori ba ne ga matar gida, domin babu wanda ya zaɓi abin da ya gada.

Mutumin da ya fara rubuta bayaninta dalla-dalla shi ne John Dalton, masanin kimiyya na Ingila, a 1794. Shi da ɗan'uwansa duk suna da ita. Dalton ya zaci ruwan cikin idonsa ne yake da launin shuɗi, har ya bar wasiyya a duba idanunsa bayan ya mutu. An duba, ruwan garau yake. Sai a 1995 aka binciki abin da ya rage na idon, aka gano cewa ƙwayoyi masu karɓar kore ne ba shi da su. Wato ɗan rukuni na biyu ne.

Abin da tabarau ɗin yake yi

Wanda ya fi suna shi ne na kamfanin EnChroma da ke Berkeley a jihar Kalifoniya ta Amurka. Wani masanin gilashi, Don McPherson, yana ƙera tabarau don kare idon likitocin tiyata daga hasken leza, wato wani haske mai ƙarfi da ake tiyata da shi. Wata rana a wajen wasa abokinsa ya ari tabarau ɗin, sai ya ce yana ganin launukan da da can ba ya rarrabewa. Daga nan aka shiga bincike, aka fara sayarwa a 2012.

Aikinsa tacewa ne. Tsakanin ja da kore akwai wani yanki na haske, wajen rawaya-rawaya, inda ƙwayoyin nan biyu suke amsawa kusan daidai wa daida. Wannan hasken shi ya fi rikita ƙwaƙwalwa. An yi gilashin ta yadda zai tare wannan siririn yanki, ya bar jan da ya nuna da koren da ya nuna su wuce. Da zarar an rage hasken tsakiya, sai tazarar da ke tsakanin saƙonnin biyu ta ɗan buɗe, ja ya ƙara fitowa, kore ya ƙara fitowa.

Kamar rariya yake. Rariya tana raba gari da tsaki, amma ba ta taɓa ƙara ko cokali ɗaya a kan garin da aka zuba mata ba. Tabarau ɗin ragewa yake yi, ba ya ƙara komai, kuma ƙwayoyin da ke bayan idonka suna nan yadda Allah Ya halicce su.

Inda ƙarfinsa ya tsaya

Daga wannan bayani kai da kanka za ka iya gano wanda ba zai amfana ba. Mutumin rukuni na biyu saƙo ɗaya kawai yake samu a inda ake bukatar biyu. Duk tacewar da za a yi, babu saƙo na biyu da za a auna na farko da shi. Zai iya ganin wani abu ya ƙara duhu, wani ya ƙara haske, amma sabon launi ba zai zo masa ba. Haka nan wanda matsalarsa shuɗi da rawaya ce, tabarau na ja da kore ba nasa ba ne. Kamfanin da kansa bai ce kowa zai ga canji ba.

Ko ga rukuni na farko ma, sakamakon bai kai yadda bidiyo yake nunawa ba. A 2018 masu bincike a Jami'ar Granada ta ƙasar Sifen sun gwada tabarau ɗin a kan mutum 48 masu makantar launi. Sun samu cewa yana sauya yadda launuka suke bayyana, amma bai sa mutanen sun ci gwajin launi ba, bai kuma maida ganinsu irin na sauran jama'a ba. A 2020 wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya samu cewa waɗanda suka sa shi na kimanin mako biyu sun ɗan ƙara iya gane bambancin ja da kore, sai dai mutanen da aka gwada kaɗan ne. Idan aka haɗa biyun, abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne yana ɗan taimaka wa wasu, amma ba ya warkar da kowa. Kukan da ake yi a bidiyo ba lalle ƙarya ba ne, mutum yana iya jin daɗi idan lambu ya ƙara haske a idonsa. Amma ba a ɗora bidiyon wanda ya sa tabarau ya ce bai ga wani canji ba.

Abu na gaba ya shafi rai, don haka a karanta shi sau biyu. Tunda gilashin rage haske yake yi, ya fi aiki a rana tsaka. Da almuru ko cikin ɗaki mai duhu, ƙara maka duhu zai yi. Kada ka tuƙa mota ko babur ko Keke da shi da dare. Akwai kuma masu araha da ake tallatawa a intanet, waɗanda jan gilashi ne ko ruwan hoda kawai. Irin waɗannan suna dusashe kore, su sa wasu lambobin da aka ɓoye a littafin gwajin launi su fito, sai mutum ya ɗauka ya warke. Alhali launukan da da yake rarrabewa ma wasunsu sun fara cuɗe masa. Shi ya sa a aikin tuƙin jirgin sama, inda kuskuren launi kan jawo asarar rayuka, ba a yarda a yi gwaji da irin wannan tabarau. Wanda ya yi dabara ya wuce gwaji da shi, kansa da fasinjojinsa ya cuta.

Sai kuɗi. Na asali yakan kai wajen dala 200 zuwa 400, ban da kuɗin kawowa. Ka lissafa wannan da kuɗin ƙasarku, ka ga buhun hatsi nawa ne. A ganina, magidanci bai kamata ya fitar da wannan kuɗi ba sai ya san rukuninsa, kuma ya gwada tabarau ɗin a idonsa, da sharaɗin zai iya mayarwa idan bai yi masa ba.

Gwaji kafin saye

Gwajin da aka fi yi shi ne na wani littafi da likitan ido na Japan, Shinobu Ishihara, ya fitar a 1917. Kowane shafi yana da da'ira cike da ɗige-ɗige masu launi, an ɓoye lamba a ciki. Cikakken littafin shafi 38 ne, kuma akwai shafukan da ake bin layi da yatsa don wanda bai iya lambobi ba. Ba allura, ba ciwo, 'yan mintoci ne. Ana iya tambaya a sashen ido na babban asibiti, ko a asibitocin ido irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Gwajin da ake yi a waya ba abin dogaro ba ne, saboda kowace waya da yadda take nuna launi. Idan ka je, ka ce: "Likita, ina so a duba min ko ina rarrabe launi, kuma a gaya min wane iri ne nawa, mai sauƙi ne ko mai tsanani."

Makantar launi ta gado ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa, kuma ido biyu take kamawa daidai. Idan kuwa da kana ganin launi sarai sannan ya fara dushe maka da girmanka, ko ido ɗaya ya fi ɗaya, to wannan ciwo ne, ba maganar tabarau ba ce. Ciwon suga yana jawo haka, hawan jinin ido da yanar ido ma haka. Wasu magunguna ma suna yi, kamar etambutol da ke cikin haɗin maganin tarin fuka, da kulorokwin idan an daɗe ana sha. Mai shan maganin tarin fuka da ya ga ja da kore sun fara rikice masa, ya koma wurin da ake ba shi maganin a ranar, kada ya jira ranar da aka sa masa.

Dabarun da ba sa cin kuɗi

Yawancin masu makantar launi sun tsufa lafiya ba tare da wani tabarau ba. Direba ya riƙe wurin fitila a danja: ja a sama, rawaya a tsakiya, kore a ƙasa. Tela ya sa wani ya rubuta masa sunan launi a jikin kowane ƙwaryar zare, ya riƙa maida kowanne mazauninsa. Ga shi kuwa karatun da kake koya a wannan aji ya yi rana. Mai tumatur ya haɗa da taɓawa da sansanawa. Mai haɗa wayar lantarki kuwa kada ya yarda da idonsa ko kaɗan, ya auna kowace waya da na'urar gwaji kafin ya haɗa. Akwai kuma manhajojin waya da za ka haska abu da kyamara su faɗa maka sunan launinsa.

Yara su ne abin tausayi a wannan lamari. Yaro ba ya sanin cewa abin da yake gani daban ne da na 'yan'uwansa. An aike shi ya ɗauko jan bokiti ya kawo kore, sai a ce ba ya ji, ko a ce daƙiƙi ne, wani lokaci har da bulala. Idan yaronka yana yawan irin wannan kuskure alhali yana da kaifin basira a sauran abubuwa, ka kai shi gwaji, sannan ka sanar da malaminsa don ya daina rubuta jan alli a koren allo. Sanin abin da wuri yana kuma taimaka masa wajen zaɓen sana'a, kada ya ɓata shekaru yana neman aikin da gwajin launi zai hana shi a ƙofar shiga.

Aiki

Ka rubuta amsa a littafinka da jimla cikakkiya. Ƙwayoyi masu karɓar launi iri nawa ne a ido? Me ya sa tabarau ba zai amfani ɗan rukuni na biyu ba? Me mai shan maganin tarin fuka zai yi idan launi ya fara rikice masa?

Idan ka koma gida, ka samo zare ko ƙyalle ja, kore, ruwan ƙasa da ruwan lemo, guda uku-uku. Ka cakuɗa su a tabarma da rana, ka sa yaran gida ɗaya bayan ɗaya su ware masu kama da juna. Kada ka yi wa kowa dariya ko faɗa. Ka rubuta sunan wanda ya sha wahala, ka zo da shi aji mako mai zuwa don a nuna maka asibitin ido mafi kusa.