Darasi na Tara: Karanta Ranar Ƙarewar Fasfo

Baffana ya shekara yana fama da ciwon ƙoda, likita ya ce a gwada asibiti a Alƙahira. Aka nemi biza aka samu, a lokacin saura wata bakwai fasfonsa ya ƙare. Sai kuɗin tafiya suka ƙi haɗuwa, aka yi wata biyu ana fafutuka. Ranar da muka isa filin jirgi, mun sa jakunkuna a kan ma'auni ke nan, ma'aikaciyar ta buɗe fasfon, ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya, ta ɗago kai ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, ba za ku iya tafiya da wannan ba." Baffa ya ce, "'Yata, ai bai mutu ba, duba da kyau." Gaskiyarsa, bai mutu ba, saura wata biyar. Amma ƙasar Masar wata shida take so. Da idona na ga dattijon nan ya zauna a kan jakarsa ya yi tagumi. Mu huɗu muka raka shi, dukkanmu mun iya karatu, ba wanda ya taɓa buɗe shafin nan.

Shi ya sa na matsa a sa wannan darasi a littafinku.

Ku ɗauko fasfo, naku ko na wani a gida. Ku buɗe shafin da hoto yake. A nan aka rubuta suna, da lambar fasfo, da ranar haihuwa. Ƙasa da su akwai ranaku biyu da Turanci da Faransanci. Inda aka rubuta Date of Issue, ranar da aka ba da fasfon ke nan. Inda aka rubuta Date of Expiry, ranar da zai daina aiki ke nan, kuma ita ce abin nemanmu. Masu fasfon Nijar su nemi Date d'expiration.

Rana ce a farko, sai wata, sai shekara. Sunan wata a taƙaice ake rubuta shi. JAN Janairu ne, FEB Fabrairu, APR Afrilu, AUG Agusta, sauran ma in ka furta su za ka ji sun yi kama da namu. Inda ido ke yaudarar mutum wuri biyu ne. MAR Maris ne, MAY Mayu, harafin ƙarshe kaɗai ya raba su, amma tsakaninsu wata biyu. Haka JUN da JUL, wato Yuni da Yuli. Ku sa yatsa a kan harafi na uku, ku karanta shi a fili.

Yanzu ga lissafin da ya kayar da mu. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar baƙo sai fasfonsa yana da sauran wata shida ko fiye. Saudiyya haka take, ko Hajji za ka ko Umara. Haka Dubai, haka Masar, haka Sin inda 'yan kasuwarmu ke zuwa sarin kaya. Ƙasashen Turai irin su Faransa da Jamus nasu daban ne: suna son fasfo ya kai wata uku bayan ranar da za ka bar ƙasarsu, kuma kada ya wuce shekara 10 da bayarwa.

A ce fasfonka zai ƙare ran 20 ga Agusta, 2027. Ka ƙirga baya da yatsu: Yuli ɗaya, Yuni biyu, Mayu uku, Afrilu huɗu, Maris biyar, Fabrairu shida. To daga 20 ga Fabrairu, 2027, fasfon nan ba zai kai ka Jidda ba, ko da yana nan sabo fil a cikin leda. Ni shawarata, ka rubuta wannan rana ta biyu a takarda ka liƙa a murfin akwati, ka ɗauka ita ce ranar ƙarewar ta gaskiya.

Wani zai ce, tun da akwai biza, me ya shafi kamfanin jirgi? Ya shafe su ƙwarai. In suka kai fasinja wata ƙasa aka ƙi karɓarsa, su za a ɗora wa dawo da shi, a kuma ci su tara. Don haka roƙo ba ya aiki a wurin, ko ka san wani.

A Najeriya Hukumar Shige da Fice ce ke ba da fasfo. Akwai mai shafi 32 na shekara 5, akwai mai shafi 64 na shekara 10. Wajen sabuntawa za a nemi lambarka ta NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma dole suna da ranar haihuwa da ke jikinta su zo ɗaya da na fasfo. In sun saɓa, gyaran yakan ci lokaci, musamman gab da aikin Hajji da ofisoshi ke cika maƙil. Kada ka jira sai ejan ya kira ka. Kuma in an ba ka sabo, ka adana tsohon, don wataƙila akwai biza mai rai a cikinsa.

Kafin ka rufe fasfon, ka leƙa shafukan ciki ka ga ko akwai aƙalla biyu da ba a buga musu hatimi ba. Ka gwada sunanka na tikiti da na fasfo harafi bayan harafi. Iyaye mata, ku duba na yara daban, kowane da ranarsa.

Aikin aji: wata hajiya za ta tafi Umara ran 10 ga Maris, 2027. Fasfonta zai ƙare ran 25 JUL, 2027. Ku rubuta sunan watan da Hausa, ku ƙirga baya wata shida, ku faɗa wa malami ko za a bar ta ta hau jirgi. A gida kuma, kowa ya kwafo ranar ƙarewar fasfo ɗaya a littafinsa, mu yi lissafinsa tare ranar darasi na gaba.